Ban Yanke Muryarki Ba, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rakiya ta Fagge.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda kika koya mana tun muna ƙanana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Yau ma dole ce ta sa. Yaya Kabiru ya ce na tozarta ki a bainar jama'a a birnin London. Tunda maganar ta riga ta bazu har Kano, zan ba ki bahasi a wannan shafi, masu leƙe su leƙa su ji da kunnensu.

Ga abin da na yi, ba ƙari ba ragi. Ranar wata Asabar, mako uku da suka wuce, da rana tsaka, a ɗakin kallo na kwalejin da nake koyar da Hausa a Bloomsbury, na sa an kunna muryarki a kan fim ɗin nan naki. Mutane sun cika ɗakin, sun ji ki daga farko har ƙarshe. Ban nemi izinin kowa ba, kuma ban yi nadama ba.

Ke kin san fim ɗin da nake nufi, amma masu karatu ba su sani ba, sai ki yi haƙuri in maimaita abin da kika fi ni sani.

Lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu, akwai wani malamin kimiyya ɗan Pakistan da ke haya a gidan da ke jikin namu. Matarsa, Anti Shamim, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ke kuma ba kya jin yarenta, amma kullum kuna tare a bakin murhu kuna magana da hannu. Ranar da za su koma ƙasarsu ta miƙo miki kaset ɗin bidiyo guda ɗaya a naɗe cikin ɗankwali, tana kuka kina kuka.

Tsohon fim ne, baƙi da fari. Mu duk fim ɗin da aka yi rawa da waƙa a ciki Indiya muke ce masa, shi ma haka muka kira shi. Labarin ɗan wani babban sarki ne na daular Mugal da ya kamu da son wata kuyanga mai rawa a fadar ubansa. Uban ya ce sarauta ba ta haɗa jini da baiwa, ɗan ya ce sai ita, ita kuma ta ƙi ta ce ba ta son sa ko da za a kashe ta.

A zamanin ba macen kirki da za ta taka ƙofar silima. Sai kika kawo silimar cikin ɗakinki. Duk Alhamis bayan azahar, idan an kawo wuta, matan layinmu za su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo kitso, wata ta zo tambayar ko kazarta ta shigo. Rariya ɗaya ce a gidan, amma na taɓa ƙirga mata tara da suka zo aronta rana guda.

Kina zama a kujerar tsugunno gefen talabijin, faranti a cinya kina tsintar shinkafa. Ki rage sautin, ki fara. Ba kya jin Urdu. Abin da kike kamawa 'yan kalmomin da suka yi kama da namu ne, irin su duniya da hukunci, sauran kuma daga fuska da ido kike karantawa. A bakinki sarkin nan magana yake kamar attajirin Kantin Kwari da aka taɓa masa kaya. Ɗan sarkin kuwa ba ki taɓa raga masa ba. Da ya fito za ki ce, “Ga sakaran nan, kyau kamar shi ya yi kansa, amma ko ɓera ba zai iya karewa ba.”

Idan aka zo waƙa ba kya bi. Sai ki ce, “Yanzu kuka take yi da waƙa, mai jin ƙishirwa ta sha ruwa.” Ina so masu cewa kin zauna kina rera waƙar Indiya su riƙe wannan.

Baba ya sani. Shi ya sayo bidiyon, kuma duk Alhamis ɗin da ya dawo kasuwa da wuri sai ya tsaya a zaure yana gyaran murya, ya daɗe yana kakkaɓe takalmi, har sai kowace ta yafa mayafinta. Bai taɓa ce miki ki daina ba. Sau ɗaya ma na ji yana tambayar ki a hankali ko har yanzu sarkin bai huce ba.

Wurin da fim ɗin ke ƙarewa kuwa kowa ya haddace shi. An kawo kuyangar gaban sarki, fada ta cika, dogarai sun kewaye ta. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido tana magana. A nan hoton ke yankewa, allon ya koma yayyafi. Sai ki ajiye farantin, ki miƙe, ki gyara ɗaurin zani ki ce, “Sarki ya rasa ta cewa. Ta juya ta fita abinta, ba wanda ya isa ya tare ta. Ku tashi, la'asar ta yi.” Matan su watse suna ta murna, wata ma har da guɗa ƙasa-ƙasa.

Da Asabe matar tela ta haihu, tana wankan jego ba ta fita, ta aiko tana ƙorafin an bar ta a baya. Kika sa na ɗauko rikodar Baba na ajiye a gabanki, na naɗi fassarar duka a kaset biyu aka kai mata. Da ta yi arba'in ta dawo da su. Ranar da zan taho London, bayan shekaru, kika cusa mini su a ƙasan akwati tsakanin kuka da daddawa, kika ce, “Riƙe, ranar da kewa ta dame ki.”

Kewar ta dame ni, Umma, ba sau ɗaya ba. Amma shekara da shekaru ni kaɗai nake jin ki a flat ɗina, ba hoto, murya zalla.

A bara aka haɗa ni ofis da wata malamar Urdu, Farida. Wata rana tana shirya darasi na ji wani kiɗa na fitowa daga kwamfutarta, kiɗan da na sani tun ina yarinya. Na zagaya na leƙa. Ga kuyangar nan taki, ga sakaran ɗan sarki. Farida ce ta gaya mini ba Indiya ba ne, a Lahore aka yi shi, kuma labarin ya daɗe a bakin mutanensu tun kafin a san fim. Da na ba ta labarin Alhamis ɗinki, ta kama hannuna ta ce dole duniya ta ji matar nan. Ta ce a haɗa muryarki da hoton a nuna wa jama'a. Na amince tun kafin ta rufe baki.

Na je na sami Yaya Kabiru da kaina, don kada ya ji a bakin wani. Kin san yanzu babban likita ne, asibitinsu na Marylebone. Muka zauna a wani shagon shayi kusa da wurin aikinsa. Ina ta zuba da murna, shi kuwa sai juya cokali yake. Da na gama ya ce, “Bilkisu, ki yi cancel.”

Na ce an riga an yi booking ɗin ɗakin. Ya ce ko ɗakin Sarauniya aka kama, a fasa. Ya ce muryar matar aure ce, kuma ta mamaciya, za a ɗora ta a kan kiɗa da rawa a gaban maza baƙi. Ya ce duk lokacin da aka kunna ana ƙara miki nauyi a kabari, ke kuma ba ki da bakin cewa a bari. Ya tuna mini cewa tun da kika dawo daga Hajji kika daina zaman Alhamis. Ya ce mutane Hajiya Rakiya mai carbi da sadakar Juma'a suka sani, don me zan tono musu wata Rakiyar?

Ba zan yi masa ƙarya ba a gabanki. Idonsa ya kawo ruwa yana maganar. Shi ya haƙa rijiya da sunanki a ƙauyen su Kaka, kuma ba ya sallah bai ambace ki ba. Tsoro yake ji miki, tsoro na gaskiya. Kuma ya yi gaskiya a abu biyu: kin daina bayan Hajji, sannan kaset ɗin don kewata kika ba ni, ba ki ce in tara jama'a ba.

Amma ni ma na san abin da na sani. Kin daina ne a shekarar da bidiyon ya cinye kaset ɗin Anti Shamim, kika kwana biyu ba kya cin abincin kirki. Matar da ta ɗauki abu a matsayin abin kunya ba ta adana shi shekara ashirin a ƙasan adaka, ta kuma damƙa wa 'yarta da hannunta. Rakiya mai carbi da Rakiya mai fassara mace ɗaya ce, da baki ɗaya take yin duka biyun. Na gaya masa haka. Ya ture kofinsa ya ce idan na yi, in san ba da yawunsa ba, kuma kada in neme shi.

Ban ɗauka akwai abin da ya fi wannan nauyi a gaba ba, sai ranar gwaji.

Ni da Farida da mai haɗa sauti muka zauna mu kaɗai a ɗakin. Komai ya hau daidai, don ana jin sautin fim ɗin ƙasa-ƙasa a bayan muryarki, da shi aka daidaita. Muka zo gaban sarki. Kuyanga ta ɗaga kai. Na fara tattara jakata, don a sanina an gama. Kika ce ta juya ta fita abinta, la'asar ta yi.

Umma, hoton bai yanke ba.

Sarki ya ɗaga hannu. Dogarai suka kama ta. Aka tafi da ita cikin sarƙa, aka tsayar da ita a wani lungu, magina suka zo da tubali. Ina zaune jaka a hannu ina kallo ana gina bango a kanta, layi bayan layi, tana tsaye da ranta. Kusan minti ashirin da ban taɓa sanin akwai su a duniya ba.

Ashe daga talabijin aka naɗo wa Anti Shamim fim ɗin, kaset ya cika kafin labari ya ƙare. Mu kuwa da ba mu taɓa shiga silima ba, ba mu san ana rubuta ƙarshe a allo ba. Inda kaset ya tsaya, nan muka ɗauka mai labari ya tsaya. Shekara arba'in matan layi guda a Fagge suna yawo da labarin kuyangar da ta gagari sarki, wasu sun mutu da shi, wasu sun ba jikokinsu.

Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Ban san ma wa nake yi wa ba, ita ko ke.

Farida mutuniyar kirki ce. Ta ce akwai mafita mai sauƙi: a rage muryarki a hankali kafin jimlar ƙarshe, ba wanda zai san kin faɗe ta. Ta ce tsofaffin Pakistan da za su zo sun haddace fim ɗin, kada su yi miki dariya. Mai haɗa sauti ya ce aikin daƙiƙa biyar ne, yatsansa ma na kan maɓallin.

Na ce su ba ni zuwa gobe. Na taka da ƙafa har tashar bas ta Aldwych, na bar bas uku suka wuce ina tsaye. Abin da ke cina shi ne Yaya zai ce ai ga irinta nan, na kai ki an yi miki dariya, an ce jahila ce da ba ta san ma yadda labarin ya ƙare ba. Sai kuma na tambayi kaina, idan na yanke, me na bambanta da shi? Shi yana so a ɓoye ki duka, ni zan ɓoye inda kika yi kuskure, in fito da ke a goge tas yadda baƙi za su yaba. Kuma jimlar nan ita matan ke jira. Don ita ake aron rariya. Washegari na ce kada a taɓa ko numfashinki.

Ranar Asabar ɗakin ya cika har ana tsayuwa. Ɗalibanmu 'yan Arewa sun zo, matan likitoci sun zo da lulluɓinsu, ga dattawan Pakistan da matansu a layin gaba suna karanta fassarar maganarki da muka rubuta da Turanci a ƙasan allo. Akwai wata Madam Saratu, 'yar Kudancin Kaduna, mai aikin kula da tsofaffi, da ta karɓi hutun rabin rana ta zo da kayan aikinta a jiki. Na bar kujera ɗaya kusa da ni. Yaya bai zo ba.

Da muryarki ta fito kina cewa a ba mai ciki wuri ta zauna, na rufe ido ina saurare. Ana jin ƙarar shinkafa a faranti. Ana jin kukan akuyar gidan Malam Ado. Da kika kira ɗan sarki sakarai, wani dattijo mai farin gemu a gaba ya yi dariya har yana dukan gwiwa, matarsa na zungurin sa. Kin riƙe ɗakin nan awa biyu yadda kike riƙe ɗakinki.

Aka zo wurin. Kika ce sarki ya rasa ta cewa, ta fita abinta, ku tashi la'asar ta yi. A daidai lokacin dogarai suka damƙe ta a allo.

An yi dariya, Umma. Ba zan ɓoye miki ba, yadda Farida ta ji tsoro haka aka yi. Dariyar ta taso daga layin gaba ta bazu, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na riƙe hannun kujera na ƙi sunkuyar da kai.

Sai kaset ɗinki ya ƙare, fim ya ci gaba ba mai fassara. Aka fara ɗora tubali. Dariyar ta mutu da kanta. Tubali ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Da ya kai wuyanta sai Madam Saratu ta ɗaga murya daga baya, da Hausarta ta Kaduna, ta ce, “Ƙarya ne! Hajiya ta ce ta fita!” Wata daga cikin matan likitoci ta amsa, “Wallahi ta fita.” Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Da aka kunna fitila na ga wata budurwa tsaye a bakin ƙofa tana share ido da hannun riga. Amira ce, 'yar Yaya ta fari, wadda kika goya sau biyu kacal da suka zo hutu. Yanzu shekararta ashirin da uku, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ba ta gaya wa ubanta za ta zo ba. Ta ce hotonki ɗaya ne a falonsu, wanda kika ɗaure fuska don fasfo, ita duk zatonta kakarta mace ce da ba ta dariya. Ta ce in tura mata muryar a waya. Na tura mata a tsaye a wurin.

Wannan ne ya fi ƙona wa Yaya rai. A daren ranar ya cire ni daga zauren iyali na waya. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Gwaggo Hajara ta bugo daga Kano ta yi mini tatas, ta ce in je in durƙusa in ce na tuba, in kuma miƙa masa kaset ɗin ya yi yadda ya ga dama da su.

Zan je, Umma. Yayana ne, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka a ƙasar nan ban san kowa ba, kuma rashinsa na cina fiye da yadda zan iya rubutawa. Zan durƙusa in gaishe shi, in ba shi haƙurin ɓacin ran da na jawo masa. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ba shi kaset ba. Farida ta ce mutane na tambaya ko za a sake nunawa bayan bikin Sallah. Na ce mata a sake, kuma a bar jimlar a inda take.

Ga masu turo mini saƙo cewa 'yar malamai ba ta yin haka, na gode da nasiha. Ba ku zauna a ɗakin nan ranar Alhamis ba. Ba ku ga matan da ba su da ta cewa a gidajensu suna fita daga ɗakin uwata kafaɗa a miƙe ba.

Ke kaɗai nake jin nauyi. Ban sani ba ko da kina raye za ki rufe fuska da mayafi ki ce Bilkisu kin kashe ni, ko za ki tambaye ni mutum nawa suka zo. Wani lokaci ina ganin na farko, wani lokaci na biyu. Kuma ban san yadda zan gaya miki an gine ta ba, shi ya sa na yi ta jan wasiƙar nan. Ki yafe mini, Ummana. Ina kewarki har yanzu kamar jiya aka yi.

Ya Allah, Ka jiƙan Rakiya, Ka haskaka kabarinta, Ka karɓi carbinta da sadakarta da dariyar da ta sa bayinKa mata suka yi. Ka sanyaya zuciyar Kabiru, Ka mayar mini da ɗan'uwana. Idan kuma shi ne mai gaskiya, idan akwai nauyi a cikin abin da aka kunna ranar nan da wanda za a sake kunnawa, Ka sani ba ta aike ni ba. Ni na ɗauko, ni na kunna, ni na hana a yanke. Ka rubuta shi duka a littafina, kada ko ƙwayar shinkafa ta hau nata.

Wassalam.

'Yarki mai taurin kai,
Bilkisu
London